Bita a otal, atisaye a ɗakin haihuwa ko darasi ta waya: wane horo zai sa ma'aikatanku su iya farfaɗo da jariri?

Masu riƙe da ɗakunan haihuwa a Zariya da kewaye, daga incajin ƙaramin asibiti a Wuciciri ko Dutsen Abba, zuwa metiron a babban asibiti, zuwa mai asibitin kuɗi a Sabon Gari ko Samaru, duk sun san giɓin da korona ta bari. Da aka sa dokar kulle a jihar Kaduna a ƙarshen Maris na 2020, tarukan bita suka tsaya cak, kuɗin masu tallafi kuma ya karkata ga yaƙi da annobar. Kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin ta-ɓaci a watan Mayun 2023, wasu sun yi ritaya, an yi wa wasu canjin wurin aiki, ƙwararrun nas-nas da dama sun tafi Saudiyya da Ingila, an kuma ɗauki sababbin hannu da suka yi karatu lokacin da makarantu ke buɗewa yau a rufe gobe. Haihuwa kuwa ba ta tsaya ko na dare ɗaya ba.

Yanzu horo ya dawo, amma hanyoyinsa sun ƙaru. Akwai bitar kwana biyu ko uku da aka saba, akwai gajeren atisaye da ake maimaitawa a cikin ɗakin haihuwa, akwai karatu ta waya da intanet wanda annobar ta yayata, akwai kuma babban kwas na ƙwararru. Wanda kuɗinsa bai wuce na abu ɗaya ba, ko daga asusun BHCPF na gwamnati don kula da lafiya a matakin farko ya fito, ko gudummawar kwamitin ci gaban unguwa, ko aljihunsa, dole ya zaɓa. Ina da wadda na fi karkata gare ta, kuma ba zan ɓoye ba, sai dai kowace hanya akwai wanda ta dace da shi.

Abin da ake so hannu ya iya

Cikin jarirai 100, kimanin 10 ba sa fara numfashi da kansu da zarar sun faɗo. Da yawa daga cikin waɗannan, a tsane su sosai da zane mai ɗumi a murza musu baya ya wadatar. Uku zuwa shida cikin ɗarin sai an hura musu iska da ambu, wato jakar roba mai marufin fuska da ake matsawa da hannu. Masu buƙatar a danna musu ƙirji ko a yi musu allura ba su kai ɗaya ba. Ke nan kusan duk ran da za a ceta a wannan gaɓa, da jakar roba da marufin fuska za a cece shi, kuma ga jaririn da watanninsa suka cika, iskar ɗaki ta isa a fara, ba sai da tukunyar oksijin ko wutar lantarki ba.

Wahalar tana wajen lokaci. Jaririn da bai yi kuka ko numfashi ba bayan tsanewa da murza baya, ana so a fara hura masa iska kafin ya cika minti ɗaya a duniya, kimanin sau 40 a minti, ido na kan ƙirjinsa. In ƙirjin bai ɗaga ba, a gyara zaman marufin, a gyara kan jaririn, a duba ko majina ta toshe hanya, a ɗan buɗe bakin, a ƙara ƙarfin matsa jakar. Wani bincike a asibitin Haydom na ƙasar Tanzaniya ya gano cewa duk jinkirin sakan 30 wajen fara hura iska yana ƙara haɗarin mutuwa ko doguwar jinya da kashi 16 cikin ɗari. Babu motar da za ta kai jariri daga Soba ko Giwa zuwa asibitin koyarwa na Shika cikin wannan minti. Ko daga Tudun Jukun zuwa asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ba za a kai ba. Wadda ta karɓi haihuwar ita ce likitan, ta iya ko ba ta iya ba.

Alƙaluman ƙasa ma ba su ba mu damar sakewa ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 39 cikin 1,000 ke rasuwa a watansu na farko, na 2023 zuwa 2024 kuma ya nuna 41. Rashin numfashi lokacin haihuwa yana cikin manyan dalilai uku, tare da haihuwar bakwaini da kamuwa da ƙwayoyin cuta.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko, kuma shi ne uban sauran: minti nawa kowane mutum zai yi da ambu a hannunsa, wanda ya iya yana tsaye yana gyara masa? Riƙe matakai a ka ba wuya. Kifa marufi a kan fuska mai santsi wadda ba ta kai tafin hannu ba, ba tare da iska ta zurare ta gefe ba, nan ne ake faɗuwa.

Na biyu ɗorewa. Asibitin da ke karɓar haihuwa 20 a wata, da wuya ya buƙaci ambu fiye da sau ɗaya a watan. In aka raba tsakanin ma'aikata biyar, mutum zai iya yin wata huɗu ko biyar bai taɓa ta ba, ran da ta kama kuma babu sallama. Don haka ban damu da makin ranar rufe taro ba. Abin tambaya shi ne yadda hannun zai kasance bayan wata shida, da ƙarfe uku na dare, da fitilar waya.

Na uku, wa horon ke kaiwa? A ƙananan asibitocinmu sau da yawa jami'an CHEW da JCHEW, wato ma'aikatan lafiyar al'umma manya da ƙanana, su ne da masu aikin sa-kai ke dutin dare, kuma manufar raba ayyuka ta ƙasa ta 2014 ta ba jami'an CHEW da aka horar damar karɓar haihuwa.

Na huɗu kuɗi, na fili da na ɓoye. Kayan horo daga waje ake shigo da su, dala kuma da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 a 2024. Kuɗin mota ma ya ninka bayan cire tallafin man fetur. Duk lissafin da aka yi kafin korona ya tashi aiki. Sai na ƙarshe, sauƙin shiryawa da irin ɓarnar da za ta iya biyo baya in an yi shi ba daidai ba.

Bitar kwana biyu ko uku

Ita ce aka fi sani. Tushenta shirin Helping Babies Breathe da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar a 2010 tare da abokan hulɗarta, aka sabunta shi a 2016. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon bugu na kwas ɗin kula da jarirai, ENCC, wanda kashinsa na farko ya gaji wancan shiri. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ma tana da nata tsarin ENCC, har da wanda aka daidaita don jami'an CHEW. Littattafan da allon hotunan matakai, mai launin kore da rawaya da ja, kyauta ake sauke su daga intanet.

Hujjar amfaninta mai ƙarfi ce. A asibitoci takwas na Tanzaniya, sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna mutuwar jarirai a awa 24 na farko ta ragu da kashi 47 cikin ɗari, adadin waɗanda ake rubutawa sun zo ba rai kuma ya ragu da kashi 24. Wannan adadi na biyu ya fi taɓa ni. Yana nufin wasu jariran da a da ake naɗewa a zane a ce wa uwa ɗa ya koma, zuciyarsu na bugawa, iska kawai suke jira. Sai dai a lura, a wannan aiki ba taro kaɗai aka yi aka watse ba, an bar 'yar tsanar koyo a ɗakunan haihuwa ana ci gaba da maimaitawa.

Inda aka tsaya a taro kaɗai, labarin daban ne. A Haydom an yi kwas na kwana ɗaya a 2010. Bayan wata bakwai ma'aikatan sun fi da ƙoƙari a jarrabawar 'yar tsana, amma yadda suke yi wa jarirai na gaske a ɗakin haihuwa bai inganta ba.

Ta fuskar kuɗi, wannan ce mai tsada a kan kowane mutum: hayar ɗaki, abinci, alawus, kuɗin mota, masauki in a Kaduna za a yi, da haƙƙin malamai. Kuɗin ɓoyen shi ne kwanakin da ɗakin haihuwa zai zauna da rabin ma'aikatansa. Sannan akwai abin da kowa ya sani ba a cika faɗa ba: inda alawus yake, sunan babba ke fara shiga takarda. Mutum ɗaya ya halarci bita iri ɗaya sau uku, yarinyar da ke kwana da masu naƙuda ba ta taɓa zuwa ba. Alkawarin cewa wanda ya je zai dawo ya koyar da sauran kuwa, ba tare da 'yar tsana ba, ba ya wuce bayani da baki.

Kafin ku biya ko ku tura mutum, ku yi tambaya uku. Malami ɗaya mutum nawa zai riƙe? Tsarin shirin shi ne malami ɗaya ga mutum shida, 'yar tsana ɗaya ga mutum biyu. Akwai jarrabawar aiki da hannu da kowa zai yi shi kaɗai ana duba agogo? Za a dawo da kayan koyo asibiti? In an tara mutum 40 gaban majigi da 'yar tsana biyu, takardar shaida kawai za ku saya.

Gajeren atisaye a cikin ɗakin haihuwa

Wannan ce nake goyon baya. Mutanen Zazzau ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan cewa hadda ba ta zama sai da tilawa: wanda ya sauke ya ajiye allo, bayan shekara sai ya ji ayoyi na kufce masa. Hannun mai hura iska ma haka yake.

A Haydom ɗin nan da kwas na kwana ɗaya bai sauya aikin ɗakin haihuwa ba, daga 2011 sai suka koma atisaye na minti uku zuwa biyar kowane mako a wurin aiki, da zama na minti 40 sau ɗaya a wata. Mutuwar jarirai a awa 24 na farko ta sauka daga 11.1 zuwa 7.2 cikin 1,000. A nan gida ma an gwada. A asibitoci 60 na jihohin Ebonyi da Kogi an kwatanta horo a wurin aiki mai maimaici da bitar taro da aka saba, sakamakon da aka buga a 2020 kuma ya nuna 'yan rukunin farko sun fi riƙe ƙwarewar hannu bayan wata uku da kuma bayan shekara.

Kayan ba su da yawa. 'Yar tsana irin NeoNatalie ta kamfanin Laerdal, wadda ake cika wa ruwan ɗumi ta yi nauyin jariri, ƙirjinta na ɗagawa in iska ta shiga daidai, abokin atisaye kuma yana matsa 'yar roba ya sa bugun cibiya ko kuka. Sai ambu ta jarirai, ba ta manya ba, da marufi biyu, lamba 0 na bakwaini da lamba 1 na cikakken jariri, da robar zuƙe majina, zannuwa biyu, hula, da agogon bango mai nuna sakan. Ambu ta koyo daban, ta aiki daban. Wajen sayen ta aiki, ku nemi wadda ake kwancewa a wanke a tafasa. Mai arahar da aka yi don amfani sau ɗaya ba ta jure tafasa, kuma a ƙarshe ita ce mai tsada.

Yadda ake yi: lokacin miƙa duti, mai tashi da mai karɓa su tsaya minti biyar. Ɗaya ta riƙe 'yar tsana ta ce jariri ya faɗo bai yi kuka ba, ɗaya ta yi aikin tun daga tsanewa har ƙirji ya ɗaga, ana duba agogo. Su musanya, su sa hannu a rajista. A nan ne ake gano abubuwan da babu bitar otal da za ta nuna: ambu tana kulle a ofishin incaji, bawul ɗinta an mayar da shi a juye bayan wanki, teburin jariri ya cika da fayil, tagar da ke kusa da shi ba ta rufuwa ga sanyin hunturun Zariya a Disamba da Janairu. Gwada jakar a tafin hannu kafin kowace haihuwa shi ma a nan yake zama ɗabi'a.

Kuɗinta na farko ne kawai mai nauyi, kuma kaya ɗaya zai ishi duk ma'aikatan asibitin, har da wanda za a kawo baɗi. Ba alawus, ba tafiya, ba wanda ya bar bakin aiki. 'Yar tsanar tana shekaru in ana zubar da ruwan ana shanya ta, ana nisanta ta da rana da allura da ɓera.

Amma kada a ɗauka ba ta da rauni. Atisaye ba ya koyar da abin da ba a taɓa koya ba. In babu wanda ya iya sosai a cikin gida, kuskure za a yi ta maimaitawa har ya zauna daram, kuma cire shi ya fi koyar da sabon abu wuya. Dole a sami mutum ɗaya ko biyu da suka ci jarrabawar hannu a gaban ƙwararre, da wani daga waje, likitan yara ko babbar ungozoma, da zai leƙo duk wata uku ya duba. Rauni na biyu gajiya ce. Mako shida na farko ana yi da ɗoki, daga nan sai rajista ta fara tsallake kwanaki. Abin da ke riƙe ta shi ne incaji da kanta ta riƙa yi a gaban ƙananan ma'aikata, kuma a hana dariya da tsawa in wata ta kasa. Wadda aka kunyata sau ɗaya ba za ta sake ɗaukar jakar a gaban mutane ba. Na uku kuwa tsoron a lalata kaya ne, wanda ke sa a kulle 'yar tsana a kabad sai ranar da baƙi za su zo.

Karatu daga nesa

Abubuwa uku ne ake haɗawa a ƙarƙashin wannan suna, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce.

Akwai aji kai tsaye ta Zoom, irin tsarin ENC Now! da aka samar lokacin annobar, inda malami ke nesa, ɗalibai kuma suna tare a asibitinsu da 'yar tsana da wani mai taimakawa a ɗakin. Wannan yana da amfani na gaske domin hannu na aiki. Yana rage kuɗin tafiya da masauki, yana kuma kawo malamin da ba za ku iya ɗauko shi ba. Sharaɗinsa sabis mai ƙarfi, data mai yawa, caji, da kyamarar da aka saita a kan ƙirjin 'yar tsanar. A Samaru ko Tudun Wada zai yiwu. A ƙauyukan da sai an nemi tudu kafin kira ya shiga, rabin ajin zai tafi a jiran hoto ya dawo. Ko da sabis mai kyau, malami ta allo ba zai iya kama yatsun ɗaliba ya gyara musu zama a kan marufi ba, shi ya sa mai taimakawa na cikin ɗaki ya zama dole.

Akwai manhajar waya, kamar Safe Delivery App ta gidauniyar Maternity Foundation da ke Denmak. Kyauta ce, tana aiki ba intanet bayan an sauke ta, tana da bidiyon zane da tambayoyin gwaji a kan farfaɗo da jariri da zubar jini bayan haihuwa da sauransu. Ina ganin kowace ungozoma da jami'in CHEW mai babbar waya ya kamata ya sauke ta. Tunatarwa ce mai kyau a daren da aiki ya lafa. Ba ta maye gurbin jaka a hannu.

Sai tabarau na kwamfuta da ke nuna wa mutum kamar yana cikin ɗakin haihuwa. An gwada shi da nas-nas da ungozomomi 274 a Legas da Busia ta Kenya, aka buga sakamakon a 2021. Bayan wata shida, a dukkan rukunonin, masu tabarau da masu bidiyo da masu littafi, waɗanda suka ci gwajin hura iska ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ban ga dalilin da ƙaramin asibiti zai sa kuɗinsa a nan ba tukuna.

Babban haɗarin wannan hanya gaba ɗaya shi ne mutum ya ɗauka ya iya. Kwas ta intanet da ke ƙarewa da tambayoyi da takardar shaida, ba a taɓa ambu ba, ya fi rashin horo haɗari ta wata fuska, domin incaji za ta rubuta cewa an horar da wance, a daina tura ta ko'ina.

Babban kwas na ƙwararru

Shi ne irin shirin farfaɗo da jarirai na NRP da aka fara a Amurka a 1987, wanda ƙungiyar likitocin yara ta Najeriya ta ɗauki salonsa take gudanar da horo a faɗin ƙasa tun 2008. Ya haɗa da hura iska, danna ƙirji sau uku a hura sau ɗaya in bugun zuciya ya gaza 60 a minti duk da iska na shiga, sa bututu a maƙogwaro, allurar adirenalin ta jijiyar cibiya, daidaita oksijin, da aiki a ƙungiya.

Ga ɗakin tiyata, sashen jinyar jarirai da ɗakin haihuwar da ake turo wa masu jijjiga da doguwar naƙuda, wannan ba zaɓi ba ne, wajibi ne. Kujerunsa kaɗan ne, kuɗinsa da yawa, sau da yawa sai an yi tafiya, kuma shi ma yana dusashewa in ba a maimaita ba. Ga ƙaramin asibitin da ba shi da bututu ko na'urar auna oksijin, mafi yawan darasin ba inda za a yi aiki da shi. Har ma yana iya kawo cikas: mai ɗan sanin danna ƙirji kan yi saurin komawa gare shi alhali iska ba ta shiga huhu ba, ko a ɓata minti biyu ana neman makullin tukunyar oksijin jaka na ajiye a gefe.

| | Bitar taro | Atisaye a wurin aiki | Daga nesa | Babban kwas |
|---|---|---|---|---|
| Lokacin riƙe ambu | Da yawa, in an bi ƙa'idar mutum shida | Kaɗan-kaɗan, kullum | Sai in akwai 'yar tsana a ɗakin | Da yawa |
| Bayan wata shida | Yana zubewa | Ya fi zama | Ilimi na zama, hannu na zubewa | Yana zubewa in ba maimaici |
| Masu dutin dare | Ba kasafai yake kai musu ba | Yana kaiwa | Masu babbar waya da sabis | Da wuya |
| Kuɗi | Mai yawa, duk zuwa sai an biya | Sayen kaya sau ɗaya | Data da caji | Mafi tsada |
| Shiryawa | Sai an rage ma'aikata a bakin aiki | Sauƙin farawa, wuyar ɗorewa | Ya dogara da sabis | Sai an sami gurbi |
| Haɗari | Tura wanda ba ya karɓar haihuwa | Maimaita kuskure | Zaton an iya | Tsallake matakin farko |

Akwai waɗanda duk huɗun ba su kai gare su ba. A binciken 2018, haihuwar da aka yi a asibiti a Arewa maso Yamma ba ta kai kashi 20 cikin ɗari ba. Ungozomar gida da kakar da ke ɗaki ba za a ba su ambu ba, amma a zaman awo da taron unguwa za a iya koya musu tsane jariri nan take, sauya jiƙaƙƙen zane, murza baya, ɗora shi a ƙirjin uwa, da barin watsa ruwan sanyi, mari ko ɗaga shi ta ƙafa kai a ƙasa. Mafi girma duka, a kawo mai naƙuda asibiti da wuri.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Incajin ƙaramin asibiti mai ma'aikata biyar ko shida da babu wanda aka horar a shekara biyun nan: ku tura mutum biyu bitar taro mai inganci, ɗaya daga cikinsu lallai mai dutin dare, amma kada su tafi sai 'yar tsana da ambu biyu sun iso. In kuɗin bai kai duka ba, ku sayi kayan, ku nemi ƙwararriyar malama ta zo asibitinku ta yini, ta koyar da kowa a kan teburin da za su yi aiki. Asibitoci biyu ko uku maƙwabta za su iya haɗa kuɗin ɗauko ta.

Wanda ma'aikatansa suka taɓa yin bita kafin korona ko bayanta: ba sabuwar bita kuke buƙata ba tukuna. Ku gwada kowa da agogo a wannan makon. Waɗanda suka sa ƙirji ya ɗaga cikin minti ɗaya su jagoranci atisaye, sauran su bi.

Mai asibitin kuɗi da ma'aikata ke yawan shiga da fita: atisaye a wurin aiki ne kaɗai ba ya tafiya da wanda ya ajiye aiki. Ku sa gwajin ambu cikin sharuɗɗan fara dutin dare. In kuna tiyatar haihuwa, likita da mai sa barci su nemi babban kwas.

Metiron a babban asibiti: babban kwas ga likitoci da nas-nas na sashen jarirai da tiyata, atisayen miƙa duti ga kowa, har da ɗaliban da ke zuwa koyon aiki daga makarantun jinya.

Asibitin da ke nesa, inda tafiya ke da tsada ko hanya ba ta da aminci: aji ta Zoom a ranar da aka tabbatar da sabis da caji, da 'yar tsana a gabanku, manhaja a wayar kowa, sannan a tura wa malamin gajeren bidiyon atisaye ta WhatsApp sau ɗaya a wata ya duba zaman yatsu da ɗagawar ƙirji.

Mai hali ko ƙungiyar unguwa da ke son taimakawa: ku tambayi incaji ko tana da ambu ta jarirai mai aiki da marufi lamba 0 da 1, ku ce ta gwada ta a tafin hannu a gabanku. In babu, daga nan za ku fara, sai 'yar tsana, sai agogon bango da fitilar sola a saman teburin jariri, sannan kuɗin motar malamar da za ta riƙa leƙowa duk wata uku.